Shanun Roni a Ƙarshen Layi

Duk wanda ya yi aiki da Asma'u a ƙungiyar lafiyar dabbobin nan ta Kazaure ya san ba ta da garaje. 'Yar makiyaya ce daga wata ruga a bayan Roni. Ta yi tallar nono kafin ta riƙe biro, ta shekara tara tana buga wasiƙu a ofis kafin ta koya wa kanta rubuta manhaja. Komai nata ɗaya bayan ɗaya ne. Ko gyaɗa ka ba ta, sai ta duba kowace ƙwaya kafin ta kai baki.

To, halin nan ne ya kusa ja mata a daminar bara. Ciwon huhu ya ɓulla a shanun kan iyaka, aka yi alkawarin rigakafi, amma da sharaɗi: duk saniyar da ba ta shiga rumbun bayanai ba kafin azahar ɗin Alhamis, babu allurarta. Shanu dubu arba'in da biyu, kowace da layinta: lambar kunne, mai ita, ruga.

Manhajar Asma'u kuwa halin uwarɗakinta ta ɗauko. Kowane layi sai ta buɗe hanya zuwa rumbun, ta miƙa shi, ta jira amsa, ta rufe. Tun safiyar Laraba take wannan jan ƙafa, ga netwok yana tafiya yana dawowa. Safiyar Alhamis dubu goma sha uku kacal suka shiga. Jerin kuma bin haruffa yake: Babura, Gwiwa, Kazaure, sannan Roni. Nata mutanen ne can ƙarshe.

Malam Ukasha, shugaban ofishin, ya leƙo ya ga lambar tana rarrafe.

“Malama Asma'u, wai kowace saniya sai ta yi sallama ta tambayi iyali kafin ta shiga?”

Ba ta yi dariya ba. Wallahi har hannunta ya kai ga ɗauko Roni ta kawo gaba, sai ta tuna 'yan Gwiwa da Kazaure ma ba duwatsu suke kiwo ba. Ta yi istigfari, ta janye hannu.

Ba wai ba ta san ana tura layuka a dunƙule ba ne. Tsoro take: layi ɗaya ya zo a karkace, rumbun ya ƙi dubun gaba ɗaya. Amma rana ta ɗaga, kuma in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ta fara tankaɗe bayanan, ta ware layi tamanin da bakwai masu lambar kunne a maimaice ko marasa ruga. Sauran ta ɗaure su dubu-dubu, hanya a buɗe sau ɗaya, kowane dami ko ya shiga duka ko ya dawo duka. Ta yi bisimilla ta tura na farko.

Daƙiƙa shida! Ta sake dubawa, don ba ta yarda da idonta ba.

A dami na goma sha bakwai netwok ya ɗauke. Malam Ukasha ya dafe kai, amma ko rabin layi bai maƙale ba, damin ya dawo yadda ya tafi. Ta sake turawa. Tamanin da bakwai ɗin nan ta bi ma'aikatan karkara a waya ta gyara su, ta gama da sauran sa'a guda. Sai a sannan ta zauna tana ta hamdala, daɗi kamar ta yi kuka.

Wayarta ta yi ƙara. Kawu Lauwali ne, ƙanen mahaifiyarta, daga ruga.

“Asma'u, an ce ke ce kan na'urar. Ai dai namu kika fara sawa?”

“A'a, Kawu, ku ne na ƙarshe.”

“Na ƙarshe?” in ji shi.

“Amma kun shiga,” in ji ta. “Ku shirya igiyoyi, ranar Asabar masu allura suna tafe.”