Malam Lawal da Fim ɗin da Ke Jiran Dawa

Duk wanda ya san Malam Lawal mai gyaran rediyo ya san ba ya wuce gonar dawa bai tsaya ba. Ko ɗaurin aure za shi, sai ya jingine babur, ya ratsa kunya biyu uku, ya tsaya ƙiƙam kamar soja, ya duba inda ganyen ya kawo mashi. In ta yi mashi, ya gyaɗa kai. In ba ta yi ba, ya ja tsaki ya ce, "Da saura." Mai gona na tsaye da fartanya yana kallo, ko sannu da aiki ba ya samu.

Ku yaran Kankara masu ɗaukar fim da waya, ku kuka matsa mani in rubuta abin da na sani game da shi, wai tunda ni ne jaruminshi. Tau ga shi. Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma rabinshi a bayan aji na yi shi ina cin gyaɗar mutane, don haka in kun ga harafi ya kwanta ku tayar da shi. Ku da tsufa kuka san shi, yana zaune bakin shagon caji yana yi maku gyaran da ba ku tambaya ba. Ni tun muna yawo ba wando na san shi. Taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka duk abin da na faɗa a kanshi ina da izini, kuma da yana nan da ya rama.

Kyamarar a kasuwar Faskari ya saye ta matacciya, hannun wani mai ɗaukar biki da ya gaji da ita. Ya kwance ta, ya hura, ya liƙa, ta tashi. Batirin da robar tayar keke ake ɗaure shi, kuma kafin mutum ya shanye kofin shayi ya mutu. Da wannan ya ce zai yi fim. Labarin ba shi da wani tsawo: manomi ya tashi da safe cikin damina ya tarar san nomanshi ya tsinke igiya, ya bi sawu yana tambaya, da yamma ya gan shi ya jawo shi gida. Wuni ɗaya ke nan. Na tambaye shi mi ya sa ya zaɓe ni cikin duk mazan ƙauyenmu, ina jiran ya yabi tsayina.

"Fuskarka ta mai asara ce, Malam Tanko," in ji shi. "Ba sai na sayi hoda ba."

Ranar da muka fara ɗauka, a gonata da ke bayan ƙauyenmu, can gaba da Ruwan Godiya, dawa ta kawo mani daidai aljihun riga na ƙirji. Daga nan doka ta kafu. Tunda labarin wuni ɗaya ne, ko'ina aka gan ni dole dawa ta tsaya a aljihu. Ya ce ɗan birni ba zai lura ba, amma manomi in ya ga dawa a ƙugu da hantsi, da azahar ta rufe kai, zai tashi ya bar wurin, kuma don manomi yake yi. Matsalar ita ce dawa ba ta jiran kowa. Cikin marka ka juya baya ta wuce ka. Ga huɗa, ga ruwa, ga batir. Sai ya zama kowace shekara 'yan kwanaki ne namu, sauran sai baɗi. Shi ya sa yake awon gonakin mutane, yana lissafin lokacin da tawa za ta kai.

Wata shekara ruwa ya yi kyau, na kuma zuba taki, dawar ta wuce aljihu kafin ya gama gyaran batir. Ya zo ya same ni ina murna, ya kalle ni kamar na yi mashi sata. Ya shiga gidana ya ɗauko turmin Talatu matata, ya kife shi tsakiyar kunya ya ce in hau. A kan turmin nan na yi ta waige-waige ina neman sa, mata na leƙe ta kan danga. Shekarar da ta biyo baya aka yi fari, dawa ta tsaya a ƙugu. Na ce tau, bana sai hutu. Da safe na tarar ya haƙa rami ya ce in shiga. Na ce mashi mutum da ranshi ba a saka shi rami. Ya ce in shiga in saba.

Ku da kuka kalli fim ɗin, akwai wanda ya gane inda nake kan turmi da inda nake cikin rami? Babu. Ku kau kullum kuka kuke yi ba ku da kayan aiki.

Rigar ma ta ga ta kanta. Ranar farko da ɗigon miyar kuka a ƙirjinta, ban lura ba, kyamara ta lura. Ya hana a wanke ta. Talatu ta yi haƙuri damina biyu, a ta uku ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da wannan abin ba, ta tsoma ta a ruwan sabulu. Da ya gani bai yi faɗa ba. Ya zauna a zaure ya aika a ce mata ta kaɗa miyar kuka, irin ta waccan shekarar, kada daddawa ta yi yawa. Ta kaɗa don ta ga gudun ruwanshi. Ya sa tsinke yana ɗiga mani a ƙirji, yana leƙa ƙaramin gilashin kyamara yana gwadawa da tsohon hoto, har ya samu yadda yake so. Sauran miyar ya nemi tuwo ya cinye. Talatu ta ce a gaya mashi ita ma a rubuta sunanta a fim, tunda ita ce mai kwalliya. Ya rubuta kau.

Sai haƙorina na gaba ya fita. Ƙashin kaza ne a wani suna, ba wani abin alfahari ba. Na je mashi ina rufe baki da hannu, ya ce in buɗe, ya daɗe yana kallon giɓin. Ya ce mutum ba ya fita da haƙori da safe ya rasa shi da la'asar ba dalili. Kwana biyu bai yi mani magana ba, a na uku ya zo da fara'a, wai ya gyara labari: manomin zai yi rantsuwa ba zai ƙara buɗe baki ba sai ya ga sanshi. Daga nan har ƙarshe ban ƙara cewa uffan ba. Duk wanda ya kalla ya ce daga wurin ne fim ya fara daɗi. Talatu ta roƙe shi ya rubuta mani irin wannan rantsuwar ta cikin gida.

San kuwa na Malam Buba ne, wani makiyayi da rugarsu ke gefen rafinmu, baƙi mai farin goshi. Da ya tsufa aka sayar da shi, Malam Buba ya ba mu aron wani baƙin, Malam Lawal ya shafa mashi farar ƙasa a goshi. In hadari ya taso, kowa na gudun kada kyamara ta jiƙe, shi yana gudu da tabarma ya rufe goshin sa.

Haka muka yi ta yi, shekara na bin shekara, har ya rage yanki ɗaya tak: in fito daga cikin dawa riƙe da igiya, sa na biye, in shiga ƙofar gida, in buɗe baki in yi sallama. Ko batirin nan namu zai iya ɗaukarshi a tashi ɗaya. Ya ce baɗi in Allah ya kai mu.

Abin da ya faru kafin baɗin kun san shi, wasunku a bayan uwayenku kuka fito. Shanun Malam Buba aka fara korawa, shi ma ya tashi, har yau ban san inda ya nufa ba. Daga nan dattawa suka ce kada a ƙara shuka dawa kusa da gari, don masu bindiga na ɓuya a cikinta. Aka koma wake da gyaɗa. Daga baya waken ma ya gagara, muka ɗauko abin da kai zai iya ɗauka muka zo nan Kankara. Mutane na ɗaure da buhun hatsi da tabarmi, shi yana rungume da kyamara da kaset-kaset cikin zanen matarshi, ga rigata mai miya ya naɗe a wuya. Na so in tsokane shi a hanya, bakina ya ƙi.

A nan ne, da kuka tasa, kuka fara ba shi shawara, kuma shawararku mai kyau ce. Kuka ce dawa ai dawa ce, a je Ketare a ɗauka, ku za ku samo sa, ku ba da waya mai kyau. Ya yarda muka je. Ya shiga gonar, ta kawo aljihu daidai, har na fara sa riga. Ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce ina dutsen? Bayan gonata akwai wani dutse mai kamar tukunya a kife, yana cikin kowane hoto. Wata damina wani ɗan uwa ya kira mu Damari, can Sabuwa, ya ce su suna da duwatsu. Muka sha hanya muka je. Ya duƙa ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce ta cika ja. A hanyar dawowa na zage shi tas, irin zagin da taubashi kaɗai ke iyawa. Na ce mun tsufa, gemuna ya yi fari, in ya ƙara jira sai dai a ɗauko ni a amalanke. Ya ce gemu akwai shuni. Can kuma ya ce, a hankali, manomin nan na fim gida zai koma, ba zai kai shi gidan wasu ya ce nan ne gida ba.

Daga nan ban ƙara yi mashi maganar ba. Kowace damina ya kan tare masu zuwa daga wajen Faskari ya tambaye su ko an fara komawa. Su ce da saura. Ya ce shi ma haka ya gani.

Ciwon ƙafa ya fara kama shi, daga baya aka ce suga ne, daga baya ya daina fitowa shagon caji. Na je gaishe shi wata Juma'a bayan an sauko masallaci, cikin marka, ruwa na ɗiga ta kwanon ɗakin da suke haya. Ya rame har na rasa ta inda zan fara tsokana. Ya tambaye ni ko dawar ƙauye ta kai. Na ce Malam Lawal, ba wanda ya shuka. Sai ya nuna mani ƙullin kaset ɗin da haɓa, ya ce in kai maku ku haɗa, ku tsaya inda muka tsaya. Na ce a haƙura zuwa baɗi, ni da bakina, ni da na zage shi a hanyar Damari. Na ce fim ba ya ƙarewa mutum na tsakiyar gona.

"Bar shi a gonar, Malam Tanko," ya ce. "Wa ya koma gida a cikinmu?"

Bai ga kaka ba.

Kun haɗa shi kamar yadda ya ce, Allah ya yi maku albarka, kuka nuna a gidan kallon ƙwallo bayan la'asar, kuka ce duk ɗan ƙauyenmu ya shiga kyauta. Na sa babbar riga na zauna gaba, ina jiran a yaba mani. Ba wanda ya kalle ni, ko a bangon da aka haska fim ko a benci. Abin da ke bayana a fim suke kallo. Wannan ya ce ga rumbunmu, wancan ya ce ga rijiyar masallaci, ga ɗorawar da aka sare. Wata tsohuwa ta miƙe ta ce don Allah a mayar baya kaɗan. Aka mayar. Can nesa, bayan kafaɗata, wani mutum ne ke wucewa da garma a kafaɗa, bai ma san ana ɗauka ba. Mijinta ne, yana cikin waɗanda aka kashe a gona shekarar da muka tashi, kuma ba ta da hotonshi ko ɗaya. Sau nawa aka mayar, ban ƙirga ba. Da fim ya tsaya ina tsakiyar dawa, bango ya yi baƙi, ba wanda ya tambayi ko an ga san. Mutane suka ƙi tashi kamar ana jiran liman. Ni da na zo a yaba mani, da hulata na share fuska.

Allah ya jiƙan Malam Lawal, ya yafe mashi, ya haskaka makwancinshi. Allah ya jiƙan duk waɗanda suka gitta a bayana ba su sani ba. Mu da muka rage, Allah ya mayar da mu gida da ƙafafunmu, in kuma kwana ya ƙare a nan, ya haɗa mu da su a gidan da ba a tashin kowa. Amin.