Tsanin da Inna ba ta hau ba

Aikina a asibiti a Birnin Kebbi shi ne sa wa cuta lamba. Likita zai rubuta abin da ya gani, fayil ya zo teburina, ni kuma in nemo lambar ciwon in shigar. Mutane na ɗauka aikin zaman kashe wando ne. Su dai faɗa. Karaya kaɗai lambobinta sun isa su sa ka ciwon kai: wadda aka samu ta haɗari daban, wadda ƙashi ya zaizaye don tsufa har ya karye ba wani dalili daban, kuma magani ba ɗaya ba ne.

Mahaifiyata, Inna, tana Argungu tare da ƙanena da matarsa. Wata rana ƙanen nawa ya kira ya ce Inna ta faɗo daga tsani wajen shanyar albasa, wuyan hannunta ya karye, amma kada in damu, mai ɗori ya ɗaure. Na yi faɗa har murya ta dushe. Tsohuwa kamar Inna me ya kai ta kan tsani, ga yara cike da gida?

Da aka kwance ɗorin hannun ya haɗe, amma a karkace, kamar bakin lauje. Ko buta ba ta iya ɗauka. Na je na tattaro ta da ƙyar, tana mita tun daga tasha har Ambursa, dab da Birnin Kebbi.

Likitar da ta duba ta 'yar Filato ce, mai haƙuri. Ta daɗe tana kallon hoton ƙashin, sannan ta tambayi yadda aka yi.

"Hwaɗowa niy yi daga bisa tsani," in ji Inna, idonta a ƙasa.

Likita ta ja ni gefe. Ta ce a hoton ta ga ƙashin ba shi da ƙwari. In daga sama ta faɗo, to ko ƙashin saurayi zai karye. In kuwa ba haka ba ne, sai a fara maganin ƙarfafa ƙashi tun da wuri, don abin da ke biyo baya ƙugu ne. Na san abin da take nufi. Fayil nawa na tsofaffi masu karayar ƙugu ya bi ta hannuna, kuma na san yadda da yawansu ke ƙarewa. Tsoro ya kama ni.

Na zaunar da Inna a benci a baranda, na ce ta dubi Allah ta gaya mini gaskiya. Sai da na fara tafasa sannan ta buɗe baki.

"Sallar la'asar nig gama," ta ce. "Na dahwa hannu in tashi, sai nij ji ƙas. Shi ke nan."

"To don me kika ce tsani?"

"Ke, kin manta garinku? Ƙashi ya kare ba hwaɗuwa, mi za a ce? Jihwa anka yi. Wa za a nuna? Yarinyar ga da ke dahwa min tuwo, matar ƙanenki, baƙuwa ce cikinmu. Gwaggonninki sai sun raba ta da gidan ga."

Na san gwaggonnin nawa sarai, da ba su kwana ba sai sun nemo mai laifi.

"Ki sa lambarku yadda kika so," ta ce. "Amma Argungu, hwaɗowa niy yi."

Haka aka yi. Likita ta gyara rubutunta, abokin aikina ya shigar da lambar zaizayar ƙashi da ta ɗorin da ya karkace, don ni ba na taɓa fayil ɗin jinina. Aka fara magani. Batun sake karya hannun a gyara kuwa, Inna ta ce ko a mafarki. A karkace ya zauna, ƙugun dai lafiya har yau.

Da na mayar da ita gida na tarar ƙanena ya faskare tsanin ya yi makamashi. Matarsa ta biyo ni ɗaki, ta durƙusa tana kuka.

"Yaya, ki yahe min. Ni ya kamata in hau rannan, ina can wurin wanki ban sani ba."

Na dubi Inna a bakin ƙofa. Ta girgiza mini kai a hankali. Sai na kama hannun yarinyar na ce na yafe.