Shekara Tara da Faɗowar Yohanna Daga Ƙarfen Eriya

Shekara tara ke nan cif da rasuwar abokin aikina Yohanna, injiniyan gidan rediyon da muka yi aiki tare a Minna. Ni ɗan unguwar Limawa ne, shi ɗan manoman unguwar Maitumbi. Shi ya koya mini karanta mitar da ke jikin na'urar watsa shiri. Allura biyu gare ta: ɗaya tana nuna ƙarfin wutar da ke tafiya eriya, ɗayar tana nuna wanda eriya ta ƙi karɓa ya dawo ta cikin kebul. In mai dawowa ya yi yawa, na'ura ta ɗau zafi ta ƙone.

Ran nan da damina, bayan ruwan safe, allura ta biyu ta yi ta hawa. Yohanna ya duba ya ce, "Ruwa ya shiga mahaɗin kebul a can sama. Mu kashe, mu jira ƙarfe ya bushe."

Ni ke riƙe da aiki a ranar, kuma tuni manaja ya kira ni sau biyu yana faɗa. Na ce wa Yohanna, "Oga, na kashe, amma ba za mu kai azahar shiru ba. Taimaka ka hau."

Ya dube ni, ya ɗauki igiyarsa ya fita. Ya kai wajen rabin ƙarfen lokacin da matakin da ya taka, wanda tsatsa ta cinye, ya ɓalle. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Yau an kawo sabuwar na'ura. Da wuta mai dawowa ta wuce kima, sai ta rage ƙarfinta da kanta. Da Yohanna zai ga haka, na san zai yaba. Sannan zai fita ya girgiza matakan, ya tarar fenti kawai aka shafa musu.

Me ya rage nasa? Ma'aikata uku da ya horar, waɗanda ba mai sa su hawa jiƙaƙƙen ƙarfe, ko waye shi. Sai matarsa, Mama Ladi, da nake kai wa gaisuwa duk shekara. Bara da ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Malam, wai wa ya ce masa ya hau?"

Na ce mata aiki ne. Ta gyaɗa kai ta yi mini godiya. Gobe zan koma, kuma na san ba ta manta tambayar ba.