Ramalan Mai Igiya da Awon Saude

Idan ka shiga Durba ka ga akuya a ɗaure, ko guga a bakin rijiya, ko jaki da dabaibayi, kada ka wahalar da kanka da tambayar wanda ya tufka igiyar. Ramalan ne. A da, za ka same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafa, ya saƙale bakin igiya a babban yatsansa, yana murza rama tsakanin tafukansa. Kafin ma ka gama gaishe shi zai sanar da kai cewa shi bai san damuwa ba.

"Damuwa? Ni? Ai ko hanyar gidan nan ba ta sani ba! Ina ruwan mai tawakkali da damuwa?"

Har ga Allah ya yarda da maganarsa. Mutanen gari kuwa sai su ce, "Haka ne, Malam," sannan su saci kallon tulin igiyar da ke gefensa. Kowa ya san lissafin: in tulin ƙarami ne, gidan Ramalan lafiya, in ya kai gwiwa, to akwai magana. Ramalan ne kaɗai duk faɗin Durba bai san wannan ba.

Shi fa manomi ne, dawa da gyaɗa, tufka ba sana'arsa ba ce. Bai taɓa kai igiya kasuwa ba, rabarwa yake yi. Wadda ta mayar da shi Mai Igiya ita ce matarsa Saude, wadda suka fi shekara talatin tare. A daminar shekara ta dubu biyu da bakwai Saude ta fara ramewa, ciki yana kumbura, tuwo ba ya shiga. Ramalan ya ce shawara ce, za ta wuce. Amma a makon nan kaɗai sai da ya tufke igiyar da za ta ɗaure awakin unguwa biyu.

Asalin abin tsoho ne. Tun suna da ƙuruciya san nomansa ya faɗi ana tsakiyar huɗa, bai ƙara tashi ba. Ramalan ya kwana uku bai ci abin kirki ba, sai kai-kawo daga zaure zuwa turke, yana gaya wa masu jaje cewa shi ko a jikinsa. Saude ta gaji da sintirin, ta jefo masa ƙullin rama ta ce igiyar guganta ta tsinke. Ƙarya take yi, igiyar lafiyarta ƙalau. Bawan Allah ya zauna yana murzawa yana mita. Kafin ya kai gaba goma, sai ga shi yana tambaya ko akwai sauran ɗumame.

Daga ranar Saude ta samu makama. Ba ta ƙara gaya masa mugun labari hannunsa babu komai ba. Sai ta fara ajiye rama a gabansa, ta jira ya saƙale yatsa, sannan ta yi magana. Kuma tana da awonta. Kaza ta mutu, ɗan ƙulli. Tsutsa ta shiga gyaɗa, rabin dami. Ba ta taɓa kuskure ba: ranar da rama ta ƙare, ranar zuciyarsa ke sauka. Ƙanenta Maharazu, mai haya da babur tsakanin Kibiya da Rano, shi ke sayo mata.

Da siyasa ta dawo, Ramalan ya tsaya wa wani abokinsa ɗan takarar kansila. Ya bi gida-gida har takalminsa ya cinye. Mutumin ya ci, aka kawo takin gwamnati, aka karanta sunaye tun daga sama har ƙasa, har da na mutum biyu da suka riga mu gidan gaskiya, babu Ramalan. Wannan rabin dami ta ci. Da ya gama sai ya aika wa kansilan igiyar, ya ce a ɗaure ragon layya.

Na shekarar Shari'a kuwa har yau ana ba da labarinsa. Ramalan ya jingine kekensa a tasha, ya hau mota zuwa Kano wajen ƙaddamarwa. Washegari ya dawo da rana tsaka murya ta dushe don kabbara, Maharazu ya sauke shi a ƙofar gida. Tun daga zaure yake shela: "Saude! Daga yau a daina rufe ƙofa! Ɓarawo ya gama yawo a ƙasar nan!"

Saude ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta ajiye dami guda.

Ya dubi damin, ya dube ta. "Wannan fa?"

"Kama dai, Malam."

Ya kama. Sai da ya yi kamu biyu ta ce, "Keken nan naka, tun jiya wani ya hutar da kai."

"To, Allah ya sa ya fi ni bukata," in ji Ramalan, hannu yana gudu kamar ana binsa. Kwana tara ya yi a kan damin nan. Fulanin rugar bayan gari suka samu dangwalin ɗaure maruƙa kyauta, suna ta sa masa albarka.

Abin dariyar shi ne, Ramalan ya zama mai ba mutane haƙuri. Wanda rumbunsa ya ƙone, wanda 'yarsa ta dawo gida da takarda, duk wajensa suke zuwa. Ya kishingiɗa ya ce, "Ku yi koyi da ni mana! Ku bar wa Allah." Ba ya taɓa ambaton rama. A ganinsa tufka taimakon Saude yake yi, mace mai yawan tsinke igiyar guga.

To, a daminar nan da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Maharazu ya ɗauki yayarsa zuwa asibiti a Rano. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka ce su dawo bayan mako. Ranar komawa Ramalan ya ce shi ba zai je ba, ciyawa ta cinye gona. Gonar kuwa ko leƙa ta bai yi ba. Yana gindin darbejiya tun hantsi, ramarsa ta ƙare, hannu sai murza iska yake. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba.

Bayan la'asar ya ji ƙarar babur. Saude ta sauko a hankali tana dafa bango, ba ta riƙe da komai. Ramalan ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara cewa, "Ba na gaya muku shawara ce ba?" Sai ga amalanken shanu ya kunno kai ta kwanar masallaci, an lafta masa rama har tana jan ƙasa. Ya tsaya daidai ƙofar gidansa. Maharazu ya juya fuska yana gyara madubin babur da babu abin da ya same shi.

Ramalan ya ƙirga da ido. Dami goma sha biyu.

"Kama mana, Malam," in ji Saude.

Bai kama ba. Karo na farko a zamansu ya zauna kusa da ita hannu sake, ya ce, "Tun yaushe kika san amfanin abin nan?"

"Tun faɗuwar san huɗar nan."

"Igiyar gugan fa?"

Ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita. "Gidan nan rijiya nawa gare mu, Malam?"

Wata biyu Saude ta ƙara a duniya. Cikin wata biyun nan rama na jibge a zaure, ko sili bai zara ba. Yana ɗakinta, yana yi mata fifita, yana dama mata kunu mai gudaji tana yi masa tsiya. Masu zuwa dubiya suka ga babu igiya a gindin darbejiya, suka koma suna cewa ashe jiki da sauƙi.

Washegarin sadakar bakwai ya kwance damin farko. Ya tufka har kaka ta shigo, ya tufka aka girbe dawa, ya tufka har tafukansa suka tsattsage. Da zafi ya kama, dami na goma sha biyu ya ƙare. Ya zauna yana jira zuciya ta sauka kamar yadda ta saba. Shiru.

Maharazu ya ce zai sayo masa wata. Ramalan ya girgiza kai. "Bari. Ita ta san awo, kai ba ka sani ba."

Yanzu in ka wuce ta ƙofar gidan za ka gan shi da igiya guda ɗaya, ta ƙarshen ramar Saude. Da safe ya tufke ta, da yamma ya warware. Ya daina rabar da igiya, ya kuma daina cewa bai san damuwa ba. In ka tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Sau ɗaya tak matar nan ta yi kuskuren awo. Ramar ba ta kai ba."