Kwanon Ruwa a Cinyar Baba

Ranar Juma'ar farko bayan an koma makaranta, shekarar da na cika sha biyu, na taka totur ɗin motar golf a bayan ɗakinmu, injin ya yi gurnani kamar ba zai motsa ba, sai kawai ta fizga. Ƙanena Sadiq yana zaune kusa da ni. Ƙarar da ya ƙwalla sai da ta kori magunan da ke kwance ƙarƙashin tankin ruwa. Sadiq yana da sikila, a lokacin kuma ciwon ya ci masa ƙashin ƙugu, ko gadonsa ka buga sai ya ji. Baba ya sauke shi a hankali, Umma ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Khalas, shi ke nan. Yaron nan ba zai sake hawa abin nan ba, makarantar ta haƙura."

Muna zaune ne a wani babban gida mai gidaje da yawa a ciki, a nan Doha, inda Baba yake gadi. Ɗakunanmu biyu suna can ƙurya, jikin katanga, tsakanin ɗakin famfo da bishiyoyin dabino. A nan na girma ina wanke yunifom a bokiti, ina shanya a igiyar da ke bayan injinan sanyi, muna ɓuya da 'ya'yan mai lambu, muna carafke da ƙwallayen dabino tunda dutse mai kyau wuya yake. Daga ƙuryarmu zuwa ƙofar da bas ɗin makaranta ke tsayawa tafiya ce mai tsawo, kuma zafin Doha ba ya jiran rana ta ɗaga. Sadiq ba zai iya takawa ba, goyo kuma ya fi komai yi masa ciwo. Da safe Baba yana bakin aiki, ba shi da izinin barin ƙofa. Umma tana da jaririya. Saura ni, wadda ko shayi ba na iya jira ya huce.

Motar kuwa ta ɗan kafil ɗin Baba ce, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki. Kowa a gidan bagi yake ce mata. Mai fetur ce, yaron ya sa mata manyan tayoyi ya yi wasa da ita a yashi, da ya gaji ya yar, aka ce Baba ya ɗauka. Washegarin ihun Sadiq Baba ya ɗaga kujera, ya kwance kulocin, ya shimfiɗa kayan a kan buhu. Ya nuna mini wasu 'yan ƙarafa masu nauyi, ya ce idan inji ya juya sai su buɗe waje kamar dutse a majajjawa, su matse bel, mota ta tafi. Akwai sifirin da ke riƙe su. Ɗan kafil ɗin ya sa mai tauri, don haka sai inji ya yi ta ihu kafin su cafke, idan suka cafke kuwa lokaci ɗaya ne. Ni dai na ce masa, "To a canza mana, me ake jira?"

Abin bai zo da sauƙi haka ba. Baba ya ciko kwanon silba da ruwa har baki, ya zauna a wurin Sadiq, ya ɗora a cinyarsa, ya ce in tuƙa. Na taka, ruwa ya wanke masa wando. Juma'a ta gaba ya samo sifirin mai laushi a wurin wani abokinsa bakanike, mutumin Kumasi. Wannan kuma ya yi laushi da yawa: kulocin ya kama tun inji bai yi ƙarfi ba, muka isa tudun rage gudu na kusa da masallaci motar ta mutu, bel yana warin ƙuna. Umma ta ce a sa katako ƙarƙashin totur don kada ƙafata ta kai ƙasa. Baba ya gwada, motar ta kasa hawa tudun gaba ɗaya. Haka muka yi ta yi, a kwance, a ƙara nauyi, a rage, a ɗaura, a ciko kwano. Littattafan Sadiq suna cikin jaka a rataye, shi kuma yana leƙenmu ta taga.

Wata rana haushi ya kama ni. Na lura idan Baba ya tuƙa da kansa, ni na riƙe kwanon, ko ɗigo ba ya zuba. Na ce ai motar ta gyaru tuni, ƙafata ce matsala, a nemo wani. Baba ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ke kika ce ki zo da wannan ƙafar? Haka Allah ya yi ki. Ba ni da sifanar kwance ƙafa, ta kuloci gare ni." Ya koma ƙarƙashin kujera. Ban taɓa jin wani ya yi maganar gaggawata ba tare da faɗa ba sai ranar.

Da ya sami daidai, na taka yadda na saba, ba tausayi. Injin ya yi wata 'yar murya ƙasa-ƙasa, motar ta zame kamar an tura ta da tafin hannu, ta haye tudun, ruwan ya yi rawa ya tsaya. Baba bai kira Umma ba. Ya je bakin taga ya miƙa wa Sadiq kwanon ya ce, "Alƙali, zo ka duba aikinmu." Sadiq ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya ce shi zai riƙe, amma in ya zube ko kaɗan ne Yaya Hauwa ce za ta wanke masa kaya har ya girma. Na ce yalla, mu tafi, ai dama ni nake wankewa. Ranar Lahadi da safe, farkon makon makaranta a nan, na kai shi ƙofa da jakarsa a baya. Baba yana tsaye cikin kakinsa, ya ƙame mana kamar manyan baƙi.

Yanzu ina aiki a wani shagon gyaran gashi a unguwar Bin Mahmud. Baba da Umma sun koma Gusau. Sadiq yana karatun gaba da sakandare, da sandarsa yake shiga jirgin ƙasa, ya sauka a tashar Mushairib ya canza wani, ba ya neman kowa. Motocin golf da nake gani yanzu duk na lantarki ne, ba kuloci, ba gurnani, ba wanda zai kwanta ƙarƙashinsu ranar hutunsa. Ni kuwa har yau ban iya jira ba, abokan aikina za su faɗa. Amma duk wadda ta zauna a gabana da kai mai zafi, kafin in ja gashin farko sai na tuna wandon Baba a jiƙe, hannuna ya sassauta da kansa.