Kajin da Auta Ta Bari

Na Allah ne mu, kuma wurinSa duk za mu tattara. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ƙanwata Auta ta rasu a asibiti bayan doguwar jinyar ƙirji. Ina riƙe da robar ruwan da ta aike ni in sayo lokacin da ma'aikaciyar jinya ta tare ni a bakin ƙofa. Robar tana cikin jakata har yanzu. Ban yi kuka ba. Mata suna cewa na cika dauriya. Ba dauriya ba ce, Auta. Kamar an yi wa zuciyata allurar kashe zafi ne, ina jiran ta sake ni.

Tun kina budurwa kika kama aiki a gonar kaji. Aikinki yanke bakin 'yan tsaki da ƙarfe mai zafi, don kada su yagi juna idan an cusa su a keji. Kullum kina dawowa gida da ƙaurin ƙonannen gashi a jikinki. Kin ce mini ɗan tsako ba ya wani ihu, karkarwa kawai yake yi a tafin hannu. Kin ce kaza takan tsufa a wurin ba ta taɓa buɗe fikafikanta ba. Iskar da suke shaƙa, mai ƙura da zarnin kashi, ita kika shaƙa shekara da shekaru. Likita bai ce ita ce ta cinye miki huhu ba. Ni na ce.

Rannan kawai kika ture kwanon nama, kika ce kin gama da cin nama. Muka sa ki a gaba. Babban yayanmu ya ce, "Auta ta koma akuya, a yanko mata ciyawa." Ni da na fi kowa baki na yi ta jero miki hujja, ina cewa ai halal ne. Kika ce, "Malama, ni ban ce haram ba ne. Cewa na yi na gani, kuma hannun nan ne ya yi."

Daga nan ba ki sake yi wa kowa wa'azi ba. Tukunya kika ɗora. Da wake da gyaɗa da ganye kika raini 'ya'yanki, ga su nan ƙarti, sai sun sunkuya suke shiga ɗaki. Lokacin da maigidana ya kwanta, ke kika yi ta kai mana abinci har ya miƙe, ya kuma lashe kwano yana tambaya wane nama ne a ciki. Kika ce, "Irin wanda ba ya gudu."

Da kika bar aikin, kin kwaso tsofaffin kajin da suka daina ƙwai. Wuyansu tsirara, ƙafafunsu ba su san ƙasa ba. Kina tari kina zaune da su a hantsi har suka koyi tono da wankan turɓaya.

Su ne dalilin wannan rubutu. Da gidanki ya cika da masu gaisuwa, aka ji tausayin kajin, aka riƙa watsa musu tsaba a kan siminti. Suna ta sara, tsabar tana nan. Washegari Yaya ya leƙa ya ce, "Kajin nan ba sa ci, ciwo ne. A yanka su kafin su zama mushe, ga baƙi ma a samu na miya." Na fito na tarar yana wasa wuƙa a gefen rijiya.

Na ce, "Yaya, ajiye."

Ya ce, "Ke ma akuyar kika koma?"

Na tuna yadda kike yi. Kazar da aka datse wa baki ba ta iya tsintar ƙwaya a busasshen daɓe. Na ɗauko kwano mai zurfi, na cika shi da tsaba, na ajiye. Suka rufar masa kamar za su haɗiye kwanon. Yunwa ce take kashe su a tsakiyar abinci, mu kuma muka kusa yanka su don tausayi. Yaya ya dubi kajin. Sai ya miƙa wa mijinki wuƙar, ya ce a mayar kicin.

Kajin suna gidana yanzu. Duk wanda ya zo mini gaisuwa wake da ganye zai ci, ni ma shi nake ci. Wanda ya ga an rena shi, ga ƙofa nan.

Allah Ya jiƙan ki, Auta. Ya yafe miki abin da hannunki ya yi don neman abinci, Ya tausaya miki fiye da yadda kika tausaya wa marasa baki. Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa mijinki da 'ya'yanki da Yaya ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya ba ni kuka.