Aljihun Hagu na Draha

Ni ke sayar da shayi da soyayyen cuku a filin horon karnuka na unguwarmu a Ostrava, don haka ba abin da ke wuce ni. Waya ce ta raba filin gida biyu. A wannan gefen ana koya wa karnuka biyayya: zauna, kwanta, tsaya a ƙafar hagu. A wancan gefen kuwa wasan tsallake-tsallake ake yi, kare ya haura sanda, ya ratsa bututu, ya hau lilo, mai shi na biye da shi a guje. 'Yan wannan gefen na kiran na can mahaukata, su kuma suna kiransu sojoji.

Draha ta ƙare ƙuruciyarta tana tuƙa taragon lantarki a cikin gari, har ƙugunta ya lalace aka sallame ta da sandar dogarawa. Mace ce mai murya kamar ta fasa kunne, ga taurin kai. Bayan mutuwar mijinta ta samo kare baƙi mai farin ƙirji, ta sa masa suna Brok, ta kai shi ajin Malam Vondrak, mai koyar da biyayya a wannan gefen. Ba a taɓa ganin kare mai biyayya irinsa ba. Kansa manne da gwiwarta ta hagu, ido a fuskarta, ko tsiren hanta ka jefa gabansa ba zai kalla ba. Takan yi tafiya hannunta na kan kansa.

Wata Asabar ta lura duk lokacin da karnukan can suka ruga, jikin Brok sai ya kama rawa, yana kuka ƙasa-ƙasa, amma ba ya motsawa. Abin ya sosa mata rai. Ta ja shi ta nufi ƙofar waya.

Vondrak ya ce, "Ina za ki, Draha? Za ki lalata mini aikin shekaru! Ke da ko bas ba kya iya kamawa, gudu za ki yi?"

Ta ce, "Malam, rayuwata kaf a kan layin dogo na yi ta. Ban taɓa karkata ko taku ɗaya ba. Shi ba zai yi irin tawa ba."

"In kin ƙetare, kada ki dawo."

"Wa ya ce maka ina da niyya?"

Sai dai a can ma ba ta ji da daɗi ba. A nuna wa Brok sanda, sai ya zagaye ta ya dawo ƙafar hagu ya zauna, yana jiran yabo. A tura shi bututu, ya leƙa ya dawo. Mutane na dariya a ɓoye, ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Radka, budurwar da ke koyar da ajin can, ta zo wurina shan shayi tare da ita, ta ce, "Goggo, karen nan gudu gare shi kamar iska. Ki bar ni in riƙa gudu da shi, ke ki zauna ki yi kallo. Gasar kulob ta kusa."

Draha ta dire kofi. "'Yar nan, wato in cire shi daga gwiwata in manna shi a taki? Ni na ɗaure shi, ni zan kwance shi."

Ita ta gano matsalar da kanta. Tun yana ɗan kwikwiyo, duk ladan da ya ci daga aljihun hagu na rigarta ya fito, daidai hancinsa. Ta koma gida ta ɗinke aljihun ruf. Daga ranar hanta ba ta ƙara fitowa sai a jefe, can nesa, bayan sanda. Ta tsaya tsakiyar fili dogare da sandarta, tana kwarara masa "Dama! Hagu! Wuce!" da muryar da a da take korar masu tsallaka layin dogo. Kaka ta wuce, ƙanƙara ta sauka ta narke, tana nan. Sannu a hankali Brok ya fara yarda cewa nisa ba laifi ba ne.

Ranar gasa ya tashi kamar harsashi. Ya haura, ya ratsa, ya sauko daga lilo, Draha ko taku uku ba ta yi ba. Saura bututun ƙarshe sai Vondrak ya daka tsawa daga bayan waya, "Ƙafa!" Ya ce wai da ɗalibansa yake. Ni dai na ga inda idonsa ke kallo.

Brok ya ci birki. Ya juyo, ya taho wurinta yana sunkuyar da kai, zai zauna inda ya saba. Draha ta janye ƙafar baya, ta kafa sandarta a gurbin. Ta ce, "Babu wurinka a nan. Tafi, ɗan banza, tafi!"

Ya dube ta, ya dubi bututu. Sannan ya ruga ya shige.

Su suka zo na ƙarshe, saboda alƙali ya ƙirga juyowar a matsayin kuskure. Draha ko a jikinta. Da za su fita, Brok ya wuce gaba ta dama yana jan igiya, yana shinshina duk abin da ya ga dama. Vondrak ya ce, "Dubi yadda yake jan ki kamar akuya. Kin lalata shi."

Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Kuma na sha wuya kafin ya lalace."

Na bi ta da kallo har bakin titi. Sai na ga hannunta na hagu ya sauka yana laluben kan da ya saba tararwa a gwiwa, bai sami komai ba. Ta kai shi aljihu don ta ɓoye, ya zame a kan ɗinki. Tausayinta ya kama ni har na ji ƙwalla. Ita kuwa ta dunƙule hannun, ta ɗaga murya ta ce, "To ja mana, Brok, me kake jira?"